Ragon Hajiya a Jar Mota

Ko me zan manta a aikin nan, ban da Alhamis ɗin makon jiya. Ku daina dariya ku saurara, musamman ku sababbin ma'aikata.

Aikina a filin sayar da motoci na Alhaji Sani da ke Gumel shi ne tarbar baƙi da ajiye makullai. Ƙa'idar wurin ita ce, duk wanda zai gwada mota sai ma'aikaci ya zauna kusa da shi, saboda iyaka na kusa, kada a wayi gari mota tana Damagaram. Maza ne ke wannan rakiya. Amma ranar mai sayen mace ce, Hajiya Ladidi, dattijuwa mai kiwon raguna daga Gagarawa.

Ƙananan motoci biyu ta tsaya a kansu, irin masu guntun baya da ake ɗaga ƙofar but ɗinsu sama. Ɗaya fara ce mai ƙofa huɗu, ba ta shan mai. Ɗayar ja ce mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, salansarta na gurnani.

Alhaji ya ce, "Hajiya, farar ta fi dacewa da ke. Jar nan ta samari ce."

Ta ce, "To ni gawa ce? Miƙo makulli."

Ya ja ni gefe ya ce, "Rabi, ke za ki raka ta. Yadda motar nan ta fita haka za ta dawo. In ta dawo da ko ƙwarzane, ki nemi wani aikin."

Tun daga bakin ƙofa na gane na shiga uku. Hajiya ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta cire takalmi, ta taka totur da ƙafa tsirara. Muka miƙi hanyar Maigatari, itatuwa na wucewa kamar ana fizge su. Na ce, "Mama, don Allah a hankali!" Ta ce, "'Yar nan, ai ban ma sa giyar ƙarshe ba."

Ba ta tsaya ba sai bakin kara, inda ake cinikin dabbobi. Ta sa aka kwantar da kujerun baya, aka ɗago wani jibgegen rago da ta saya aka tura ciki. Na ce, "Mama, Alhaji bai ce a ɗauki kaya ba." Ta ce, "Kin taɓa ganin an sayi jaki ba a ɗora masa mangala ba?"

Irin waɗannan motoci ba su da shamaki tsakanin but da mazaunin mutane. Numfashin ragon a ƙeyata yake sauka. Duk birkin da ta taka sai ya zamo gaba ya tunkuyi kujerata. Babu addu'ar da ban karanta ba, har ta cin abinci. Kafin mu iso Gumel ya saki fitsari, ya zuba kashi, ƙahonsa ya farke bayan kujerata. Da na ji ƙarar yagewar nan na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Alhaji ya leƙa ciki, ya toshe hanci, ya juyo gare ni. Bai kai ga buɗe baki ba Hajiya ta ce, "Kada ka taɓa mini yarinya, ta hana ni, ni na ƙi ji. Mota ta yi, na saya. Amma sai ka yi mini ragi, kujerarta a yage take."

Alhaji ya ce, "Hajiya, wa ya yaga?"

Ta ce, "Ni dai a yage na gan ta."

Dariya ta ci ƙarfinsa har hularsa ta faɗi. Aka yi ciniki, aikina ya tsira, ya ce in tafi gida in huta.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba don hoto suke sayen mota ba, komai kyanta aiki za ta yi. Kafin ku miƙa makulli, ku tambayi mai saye abin da yake niyyar ɗauka. In ya ce "ɗan kaya ne kawai", ku tambaya ko kayan yana da ƙaho.