Lawali Mai Ɓoyayyiyar Hanya

Da an sallame Asuba, Lawali zai fito daga Damba a kan tsohon babur ɗinsa, ya shige wani ɗaki mai sanyi a bayan asibitin da yake aiki, ya rufe ƙofa. Ba ya hira a bakin titi. A Gusau ta yanzu, wannan kaɗai ya isa a sa wa mutum ido.

Asibitin na da rassa a Tsafe da Bungudu. Kowane reshe da babbar kwamfutarsa ta ajiye bayanan marasa lafiya. A da, in haɗinsu ya katse, sai an tura mutum ya bi hanyar Tsafe, mutanen gidansa na ta addu'a. Lawali ya zauna ya rubuta manhaja. Yanzu da an kunna sabuwar kwamfuta, ita da kanta za ta nemi 'yan'uwanta, su yi musayar makulli, su buɗe ɓoyayyiyar hanya a tsakaninsu. Ba wanda zai hau mota.

Kalmar nan ta ɓoyayyiyar hanya ce ta kusa cin ransa. Wani ya ji shi a waya yana cewa, "Ɓoyayyiyar hanyar Tsafe ta buɗe." Kafin La'asar an ce infoman 'yan bindiga ne.

Jatau, shugaban 'yan sa-kai na unguwa, ya zo da mutanensa.

"Kai, wace hanya ka buɗe ma ɓarayi?"

"Baba, ko akuya ba ta bi ta cikinta. Sakamakon gwajin jini ke bi."

"To ba mu makullin mu gani."

"Ba zan bayar ba."

Aka gyara bindiga. Lawali bai ɗaga murya ba.

"Baba, bayanin cutar iyalinka ma na ciki. In na ba ka yau, gobe wani zai zo."

Jatau ya juya da mutanensa, suka tafi. Bai ce ya yarda ba. Har yau akwai masu amsa sallamar Lawali da rabin baki.

Yanzu Lawali zai ajiye aiki. Lawali, kai ne ka hana mutane bin hanya a banza. Kai ne aka tsare da bindiga, ka ƙi sayar da sirrin marasa lafiya. Mun gode. Allah ya saka.

Ku kuma masu baki, kafin ku kira mutum infoma, ku je ku tambaye shi, tun yana da rai.