Kaset ɗin Malam Haladu

Innā lillahi wa innā ilaihi raji'un. A tashar Doguwa labarin ya same ni, ina ɗaure akwatin allura a bayan babur. Wani direban Bebeji da ya san ni ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Isa, sai haƙuri. Malam Haladu ya rasu, tun jiya aka kai shi." Na waiwaya ina neman wanda zan gaya wa, sai na ga duk tashar, ban da direban, babu wanda ya san shi.

Malam Haladu shi ne shugabanmu, mu ma'aikatan allurar shanu, daga Kiru har bakin dajin Falgore. Sa'ad da ya zo, kowannenmu da irin bakinsa. Cuta guda, wani ya kira ta da sunan da ya koyo a makaranta, wani ya ce boru, wani ya ce ciwon baki da ƙafa. Wani Arɗo a Burumburum ya dube mu ya ce, "Ku da ba ku daidaita a kan sunanta ba, ina kuka san maganinta?" Ya kaɗa shanunsa ya shige daji. Wallahi ranar mun ji kunya.

Malam ya tara mu a Tudun Wada don mu zaɓi inda za mu riƙa ajiye sunayen cututtukan. Ni na kafe a kan babban littafi. Abokin aikinmu marigayi Ɗanjuma ya ce allo a bangon ofis. Malam ya bar mu muka gama hayaniya, sannan ya fito da rikodarsa daga jaka.

"Isa, littafinka zai gaya maka yadda Bafulatani yake faɗin kalmar?"

"A'a, Malam."

"Allon fa, zai hau babur?"

Aka yi dariya, ni kuwa na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. Bai kula ni ba, sai ma ya ɗora mini ɗaukar rikodar.

Ga yadda ya tsara abin. Ba a saka suna a kaset sai dattijon ruga ya faɗe shi da bakinsa. Sai Malam ya maimaita, ya faɗi alamun cutar, sannan ya yi shiru a cikin kaset ɗin don in an kunna mu amsa gaba ɗaya kamar 'yan makarantar allo. Yakan ce, "Kalmar da ba ku ji a bakin mai shanu ba, ba tamu ba ce." In za mu fita kuma ya ce, "Ku je da baki ɗaya." Da kuɗinsa yake sayen batir, bai taɓa faɗa ba. Damina ba ta zagayo ba sai ga Arɗon nan ya dawo da garkensa da kansa.

Daga baya aka rarraba mu. Wasu sun bar aiki, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗin ya rage a hannuna, ya tsufa, rikodar kuma ta fara tauna zare. Na daɗe ban kunna shi ba don tsoron kada ya tsinke. Ina cewa ai Malam yana nan, in ya lalace sai mu sake wani.

Da na dawo daga ta'aziyya na rufe ƙofa, na sa sabon batir, na danna. Muryarsa ta fito, da ɗan tarin nan nasa. Ya ce, "Sammore." Ya faɗi alamun cutar. Sai ya yi shiru yana jiranmu.

Na amsa, "Sammore." Ni kaɗai a ɗakin. Na yi kuka irin wanda ban yi a gidan makoki ba.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Haladu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙurin wannan rashi, ka raya 'ya'yansa cikin albarka. Mu kuma da ya bari, ka sa mu cika da imani, ka sake tara mu wuri ɗaya. Amin.