Hannuna Ne Ke Cire Kason Mai Gida

Edita, ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba, domin wanda abin ya shafa yana nan da rai, kuma har yau mukan haɗu a masallaci.

Lokacin ban daɗe da zuwa New York ba. Saurayi ne ni mai zafin nema, ba na iya zama wuri guda. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi kai saƙo a kan keke, kowanne in na ɗan taɓa sai in ji ya ishe ni. Ina zaune a unguwar Bronx wajen wani ɗan garinmu da ya girme ni, ina kiransa Yaya, shi kuma yana ce mini ƙanena. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya ba ni katifa da rigar sanyi, bai taɓa yi mini maganar haya ba. Tebur yake kafawa a titin 125 a Harlem, yana sayar da turare da huluna da tabarau, yana tara abin da zai kama ɗan shago ya huta da tsayuwa a waje.

Wani da muka yi aikin keke tare ne ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin bene, kusa da titin Grand Concourse, inda ake buga kartar caca da ake kira foka. Mai wurin yana neman mai saurin hannu da zai riƙa raba karta. Na san caca ce, amma na lallashi zuciyata cewa ai ni rabawa kawai nake. Wasan kuma na ƙananan kuɗi ne, an ƙayyade abin da mutum zai zuba a lokaci guda, dala biyu ko huɗu, ba a wucewa. Abin da aka fara koya mini shi ne, kafin in tura wa wanda ya ci kuɗin da aka tara a tsakiya, in zare kason mai gida in jefa ta wata 'yar kafa a jikin tebur. Ba a ɓoye ake yi ba, amma ba mai kallo, idon kowa yana kan kartarsa.

Ban jima ba na gane yadda abin yake. A babban wasa wannan kaso ba ya yi wa kowa ciwo, amma a namu da tarin bai taka kara ya karya ba, yanka ne mai zurfi. Kuɗin 'yan wasa yawo yake tsakaninsu, yau wajen wannan, gobe wajen wancan, kuma duk kewayawa sai ya bar wani abu a akwatin ƙasan tebur, wanda ba ya fitowa. Gwani ma da ƙyar yake mayar da abin da ya zo da shi.

Da wannan sanin a kaina mai wurin ya ce zai riƙa ba ni wani abu a kan duk wanda na kawo. Lokacin sanyi ne, ruwa da ƙanƙara sun hana Yaya kafa tebur. Sai ya wuni yana kai da komowa a ɗaki, ya leƙa taga, ya zauna, ya sake tashi. Na san a garinmu ya yi suna a karta kafin ya yi aure ya bari. Da na yi masa maganar ya ce ya rufe wannan babin. Na ce ai wannan ba sa'a ba ce, ƙwarewa ce, kuma kuɗin shayi ne kawai ake zubawa. Ban bar shi ba sai da ya biyo ni.

Ya iya wasan ƙwarai. Yana da haƙuri, ba ya bin karta marar kyau, yana karanta fuskar mutane. Wata rana ya dawo gida da nama, yana dariya. Amma duk ƙarshen wata sai ya ga ajiyarsa ta ragu, ya rasa ta ina. A cikin jirgin ƙasa zai yi ta maimaita mini wasan da aka yi, yana tambayata inda ya yi kuskure, ni kuwa in ce masa ya ƙara haƙuri, zai juyo. Sanyi ya wuce, amma ko rana ta fito sai ya naɗe kayansa da azahar ya taho. Ya rame, ya daina zama cin abinci, a tsaye yake ci. Ni ma na rasa sukuni. In na zo zare kaso daga tarin da ya ci, sai in yi sauri in jefa ta kafar.

Wata rana da la'asar ya ci wani wasa da aka daɗe ana ja. Na zare kason, na tura masa saura, sai na ga ba tarin yake kallo ba, hannuna yake kallo.

"Ƙanena, tun yaushe ka san ba mai tashi da riba a teburin nan?"

"Tun kafin in kawo ka, Yaya."

Bai ɗaga murya ba. Ya kwashe abin da ke gabansa, ya sa hularsa, ya hau matakala. A makon ne mai shagon da yake nema ya ba wani, domin abin da ya rage a hannun Yaya bai kai kuɗin kamawa ba.

Bai kore ni ba, ni ne na kasa kwana a ɗakinsa. Na bar aikin, na koma wata unguwa mai nisa, Stapleton, wajen wasu abokai. Da na je neman gafara ya ce ya yafe, ai da ƙafarsa ya je. Sai dai tun ranar da sunana yake kirana, kamar kowa. Har yanzu yana tsaye a bakin titi, kuma duk ranar da aka tashi da ruwa ba na iya zama, sai in yi ta tunanin inda ya fake.

'Yan'uwana da ke ƙasar nan, kada ƙanƙantar abin zubawa ta ruɗe ku. Babbar caca takan kayar da mutum rana ɗaya ya farka, ƙaramar kuwa a hankali take ci, yana zargin kansa da sa'arsa, mai gida yana kwasa. In wani naku ya ce ku zo, wasa ne kawai, ku tambaye shi abin da ake ba shi a kanku. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ban faɗa ba.