Ranar da Umma Ta Rufe Mini Fuska

Ina jariri aka kawo ni riƙo wani gida a unguwar Ƙuba ta Madina, bayan rasuwar iyayena. Matar gidan, wadda nake kira Umma, tana goyon 'yarta a lokacin, amma ni madarar gwangwani ta ba ni. Da ta shayar da ni, da na zama ɗanta, muharraminta har abada, wanda ba za ta rufe wa fuska ba. Ba ta yi ba.

Da na balaga, wata rana na dawo daga makaranta, tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ta wanke mini kashi! Mijinta ya ce zamana a gidan ya ƙare.

Kowa cewa yake sun yi ƙoƙari. Sun kama mini ɗaki a unguwar Sultana, sun sa katifa da firji, sun sama mini aiki wurin wani makanike.

Har yau in na je gaisuwa, ta bayan ƙofa take magana: "Maza, faɗi, me ka rasa?"

Me zan ce mata? Abin da na rasa yana ƙirjinta lokacin da nake tsala kuka, ta miƙo mini kwalba.