Turaren da Na Ajiye wa Wafa'

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, biyar ga watan Sha'aban, 1446, Allah ya karɓi ran 'yata Wafa', ɗiyar ƙanena Abdulghani, a hatsarin mota kan hanyarta ta dawowa unguwarmu Nuzla daga jami'a. An yi mata salla bayan la'asar washegari, aka kai ta makwancinta a nan Jidda inda aka haife ta.

Wafa', ni ce goggonki Mastura. Tun rasuwar mahaifiyarki kina rarrafe aka ajiye ki a ɗakina, kika tashi tsakanin kasko da kwalaben turare, don sana'ata ke nan, kuma sana'ar uwata ce tun kafin ta baro Damagaram. Duk amaryar da aka kai a layinmu, ni na turara ta. Na ɗauka ke za ki gaje ni. Sai ga shi tun kina ƙarama ba abin da ke burge ki sai kwance fanka da injin niƙana ki sake ɗaurawa.

Ranar da masana'antar haɗa magunguna ta ɗauke ki, aka ce za ki riƙa koyon aiki a wurinsu kina karatun digirin injiniya a lokaci guda, babanki ya dawo daga aikinsa a tashar jiragen ruwa ya zauna a tsakar gida ya yi kuka. Ni kuwa guɗa na yi, na hura garwashi zan turara miki abaya. Kika riƙe hannuna.

"La', Goggo, mamnu', an hana. Ɗakin da ake buga ƙwayar magani ba a shiga da turare, ko kwalli, ko zobe. Abin da mara lafiya zai haɗiya ne."

Na ce to ranar Juma'a fa, da ba aiki? Kika yi dariya kika ce, "Naki ba ya fita, wallahi. Ko an wanke kai sau uku yana nan."

Ban san ko zagi ne ko yabo ba, amma na karɓa a yabo. Na kwashe tukwanena na koma saman bene da dahuwar turare, cikin zafin Jidda. Kayanki kuma suka koma ɗakin maƙwabciyarmu Aissa, a ƙulle cikin leda. Na riƙa tsokanarki ina cewa ɗiyar gidan turare guda tana fita ba ta ƙamshin komai sai sabulu. Da safe daga bakin ƙofa kike gaishe ni, ba runguma, ba sumbar goshi. Wannan ya yi mini ciwo, kuma kin san ya yi. Shi ya sa da yamma, kafin ki ajiye jaka, sai ki zo ki cusa fuskarki cikin mayafina ki ja numfashi, ki ce, "Halas, shi ke nan, yanzu na dawo gida."

A nan kike ba ni labarin aikinki da Hausarki mai cin karo da Larabci: farar rigar da ke rufe komai sai ido, injin da kike koyon gyarawa, iskar ɗakin da ake tacewa fiye da yadda muke tace ruwan sha. Rabin maganar ba na ganewa. Abin da na gane shi ne kina tsoron Allah a kan mutanen da ba za ki taɓa gani ba.

Waɗanda kike gani ma ba ki bar su ba. Lokacin da firjin Aissa ya mutu cikin tsakiyar zafi, allurar sukarinta na ciki, kina da jarrabawa a gabanki, amma kika kwashe allurar zuwa namu, kika durƙusa bayan firjin nan har ya tashi. Tsofaffin layi kan kawo miki ledojin magani, ki ce, "Ni ba daktora ba ce, ya khala," wato inna, sannan ki zauna ki karanta musu ranar lalacewa, ki hana su ajiyewa a taga. Tun ranar Laraba suke shigowa, kowacce da abin da kika yi mata wanda ban taɓa sani ba.

Alkawari ɗaya muka yi da ke. Kika ce ranar karɓar shahada, wato takardar digirinki, za ki ɗauki hutu, in turara ki son raina, har gashi. A makon na haɗa miki naki daban, da sandal da farce da mafi tsadar abin da na mallaka, na rufe kwalbar na tura ƙasan akwati, don turare yana ƙara kyau da daɗewa. Amare nawa suka roƙe ni shi, na hana. Bayan babbar Salla za ki gama. Saura kaɗan, Wafa'.

Da aka kira ni ɗakin wanka a masallaci, na ɗauki kwalbar da kaskona. Bayan mun yi miki wanka da magarya da kafur, na shimfiɗa likkafaninki a kan hayaƙin, ƙyalle bayan ƙyalle, har garwashin ya mutu. Na turara gashinki kamar yadda kika ce. Wannan karon ba ki riƙe hannuna ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanena Abdulghani, da yayyenki Badr da Saif, da malamanki da abokan aikinki da suka zo suka tsaya tare da mu. Allah ya ba mu haƙuri, don ni nawa ya yi ƙaranci.

Ya Allah ka jiƙan Wafa', ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta. Duk wanda ya sha magani da ya bi ta hannunta ya samu sauƙi, ka rubuta mata ladan. Ta haƙura da ƙamshin gidansu saboda bayinka marasa lafiya. Ya Allah ka shaƙa mata na Aljanna.

Goggonki, Mastura
Nuzla, Jidda