Gangar Yamusa

Abokina Yamusa manomin doya ne, kuma shi ke kaɗa ganga a cocinmu tun yana saurayi. Ba ya yarda da abu sai ya juya shi ya duba. Mu kuwa abin da zuciya ta ba mu muke bi, mu ce muryar Allah ce.

Da aka fara aikin dawo da babban birni daga Legas zuwa yankinmu, ma'aikata suka kafa turaku masu jan fenti a gonakinmu. Dattijon coci, Baba Innocent, ya ce jikinsa ya ba shi ba abin da zai taɓa mu, kowa ya shuka. Yamusa ya bi turakun har gindin dutse, ya dawo ya ce, "Baba, hanya ce za ta ratsa nan." Ya kwashe irin doyarsa ya kai ƙauyen Yangoji, ya shuka a can.

"Ka fi Allah sani ke nan?" in ji Baba Innocent. Aka karɓe gangar.

Kafin doya ta nuna, katafila ta baje gonakinmu. Yamusa ne ya raba wa kowa iri. Suka karɓa, suka gode wa Allah, ba a mayar masa da gangar ba. Bai fasa zuwa coci ba. Yakan zauna a bencin baya, yana kiɗa da yatsunsa a gwiwa.

Makon jiya muka binne Yamusa. Mai wa'azi ya roƙa masa gafarar ƙarancin bangaskiya. Ban ce amin ba.