Jijiyar Wuyan Baba

A gidanmu na Kende ba a tambayar Baba ko ransa a ɓace yake. Wuyansa ake dubawa. Akwai wata jijiya ƙarƙashin kunnensa na dama da ke harbawa a fili, tun daga bakin zaure kana hango ta. In tana bugawa da ƙarfi, Inna sai ta naɗe tabarmarta ta koma bayan rumbu, mu kuma kowa ya tuna da aikin da ya bari a gona. Shekaru muka yi muna gudun mutumin da bai ce mana uffan ba.

Magani kuwa muna da shi. Duk ranar kasuwa wanzami zai zo ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya zuƙo jini baƙi ƙirin, ya zaga da shi kowa ya gani. "Ga mugun jinin nan ya hito," in ji shi. Mu ce madalla. Mako na zagayowa mugun jinin ya sake taruwa, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina yake zuwa.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu Jihar Kebbi, Baba ya fara jan ƙafa, taku ƙanana. A gaya masa da safe an yi sabuwar jiha, da la'asar ya sake jin labarin sabo fil, ya riƙe baki. Muka yi ta dariya, har da ni, mai gemu da 'ya'ya biyu. Baban da a da ke kai albasa kasuwannin ƙasar Benin ta hanyoyin daji ya ɓace tsakanin masallaci da gida.

Wata 'yar kudu mai kemis a Bagudo, tsohuwar nas, ita ta fara auna jininsa. Ta dubi ma'aunin, ta dube ni, ta ce, "Malam, kun daɗe kuna kallon wannan wuyan?" Na ce mun daɗe. Ta tura mu Birnin Kebbi. Can likita ya ce hawan jini ne: manyan jijiyoyin wuya sun yi tauri, bugun zuciya yana isa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da duk ƙarfinsa, yana lalata su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyi za su rage gudun abin, amma abin da ya tafi ya tafi. Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

A motar komowa, kusa da Kurgu, Baba ya juyo ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya ce, "Kai ɗan wa na?"

Na faɗa masa sunan ubana, wato sunansa shi kansa.

"Na san shi," ya ce. "Mutumen kirki na. In ka isa gida ka gaishe min da shi."

Na ce zai ji.